Faifai Na Bakwai

Tsibirin Als, 14 ga Fabrairu, 1864

Zuwa ga Yaya Bodil,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu Mogens. Ina fata tarin da ke damunsa duk hunturu ya ƙyale shi bana. Ni jikina da sauƙi, sai yatsu biyu na ƙafar hagu da sanyi ya ci, amma likita ya ce ba za a yanke ba.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wane ne kuma Eskild. Ni ne ɗan Sidsel, wadda ubanta da kakanki suke ciki ɗaya. Rabonmu tun wani biki a Assens, shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar da na kifar miki da miyar kabeji a siket kika ja kunnena a gaban amarya. Tun ranar ban neme ki ba, sai yau da aka kai ni bango na tuna da zumunci. Ki yi mini duk gorin da kike so, na cancanta, amma ki karanta har ƙarshe.

A tsare nake. Ni ne kofur mai kula da wayar tangarahu a Krogsund, wani ƙaramin sansani a bakin ruwa, mu sittin. A watan jiya aka kawo mana faifan rufe saƙo, na tagulla, a bayansa na ga tambarin shagonku, shi ya sa nake rubuto miki. Kin fi ni saninsa: faifai biyu a kan ƙusa ɗaya, babban haruffansa a jere, ƙaramin nasa a hargitse. Ka kawo harafin da aka ware wa ranar ƙarƙashin A, ka nemi kowane harafin saƙon a ƙaramin ka rubuta wanda ke samansa, bayan kowane biyar ka juya ƙaramin taki ɗaya. Na yi ta gwadawa ni kaɗai har hannuna ya haddace.

Ranar biyar ga wata da la'asar rufaffen saƙo na farko ya shigo daga hedkwata. Na warware shi, ya fito shirme. Na ce su sake bugowa, suka sake, shirme. Sau uku. Ina ƙoƙarin roƙonsu su faɗa a fili sai waya ta mutu, an yanke ta. Kyaftin Rosing, shugabanmu, ya ce tunda babu umarni muna nan inda aka ajiye mu. Ashe saƙon cewa yake mu tashi nan take, rundunarmu duka ta janye. Gari na wayewa Jamusawa, abokan gabarmu, suna bayanmu. Muka tsira a kwale-kwalen masunta, ban da mutum goma sha ɗaya.

Yanzu an ce ni na kashe su. Kyaftin ya ɗauki faifan a gabana, ya rufe jimla da shi, ya buɗe ta da shi, ta fito daidai. Ya ce, "Ka gani? Tagulla ba ta shan giya, kofur." Za a kai ni kotun soja ranar ashirin da tara ga Maris. In suka tabbatar da sakaci a bakin daga, harbi ne.

Yaya, ki gaya mini tsakani da Allah, faifan nan zai iya yin ƙarya? Fasto Rud, limamin sojoji, shi zai ba mai jirgin kifi takardar nan don kada ta bi ta hannun masu duba wasiƙu. Ki aiko da amsa ta hanyarsa. Innata ba ta sani ba, kada ta ji.

Ƙanenki,
Eskild Krarup

Odense, 21 ga Fabrairu, 1864

Eskild,

Takardarka ta iso, mun gode Allah da yatsun suna nan. Baba yana tari yana kuma faɗa da kowa, wato dai lafiyarsa ƙalau. Ni ma lafiya. Siket ɗin kuwa bai ƙara sawuwa ba, kuma ban manta ba, don haka ka tabbata ka rayu, akwai ɗaya kunnen da ban ja ba.

Bari in fara da kyaftin ɗinka. Gwajin da ya yi gwajin banza ne. Faifai ba ya musu da kansa. Ko jaki aka ba guduma ya buga haruffan, in ka rufe magana da shi ka buɗe da shi, daidai za ta fito. Abin tambaya shi ne ko naka ya yarda da na hedkwata, don da wancan aka rufe saƙon. Ka nemi a kawo su biyun a ajiye gefe da gefe. Ka nema da babbar murya, kada ka tsaya kana sosa ƙeya yadda mutanen gidanku suke yi in babba yana magana.

Amma kada ka ɗauka na ce namu ne da laifi. Faifai goma sha biyu muka yi cikin kwana tara, muka rantse a gaban jami'in da ya kawo aikin cewa ba za mu faɗa wa kowa jerin haruffan ba. Shi da kansa ya ƙirga, haruffa ashirin da takwas a kowane faifai, ya sa hannu ya kwashe. Shekara arba'in da uku Baba yana sassaƙa hatimi a titin nan, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ni ma tun da idonsa ya fara rauni na karɓi guduma, ba a dawo mini da ko ɗaya ba.

To ka amsa mini abu uku, kuma ban da kwana-kwana. Wace lamba ce a bayan faifanka, ƙarƙashin tambarinmu? Ka sha ko ba ka sha ba? In ka sha ka faɗa, ni ba fasto ba ce. Sannan shirmen da ka rubuta, akwai wani abu a cikinsa da ya tsaya maka a rai, komai ƙanƙantarsa?

Ga safa biyu na ulu, da baƙin burodi, da man shanu a ƙaramin gwangwani. Gwangwanin nawa ne, ka dawo da shi da hannunka. Goggo Sidsel ba za ta ji daga bakina ba.

Yayarka,
Bodil Thygesen

Als, 1 ga Maris, 1864

Yaya Bodil,

Na gode, Allah ya saka da alheri. Safar tana ƙafata, burodin mun raba shi mu huɗu da ke ɗakin. Yatsun sun fara ƙaiƙayi, likita ya ce alamar rai ce. Ki gaishe da Kawu.

Lambar bakwai ce.

Na sha. Ƙoƙo ɗaya na giyar dankali da azahar, rabon da ake ba kowa saboda sanyi. Sai dai saje ya gan ni ina sha a bakin tebur ɗin waya, kuma a bakinsa ƙoƙon ya zama kwalba.

Na uku kuma, ban san ko yana da amfani ba. Da aka karanta mini ainihin saƙon, na lura kalmar farko tana da A guda biyu. A shirmen da na rubuta, A ɗin nan biyu suna zaune daidai a mazauninsu, sauran duka ba su ba ne. Na faɗa wa mai gabatar da ƙara, ya ce ko makaho ya yi ta jifa zai sami wani abu.

Na nemi a kawo faifan hedkwata kamar yadda kika ce, da babbar murya har mai gadi ya leƙo. Suka ce ana yaƙi, wancan faifan ba ya barin tebur ɗin janar saboda maganar kofur mashayi. An duba kayan, an karɓa, akwai sa hannun jami'i. Sai fa in wanda ya ƙera su ne ya zo da kansa ya rantse cewa akwai aibi.

Jiya mai gabatar da ƙara ya kawo mini takarda. In na sa hannu cewa na bugu na rikita lissafi, za a bar ni da raina, shekara takwas ina fasa dutse. Ya ba ni zuwa ashirin da biyar ga wata. Ban sa ba. Amma Yaya, in na rufe ido ina ganin yatsana a kan faifan, ina ta tambayar kaina ko na tsallake taki. A cikin goma sha ɗayan da suka mutu akwai Troels, da muke cin abinci a kwano ɗaya. Matarsa na da ciki.

Ina jiran amsarki.
Eskild

Odense, 6 ga Maris, 1864

Eskild,

Na samu. Muna lafiya.

Kada ka ƙara rubuto maganar faifai a takarda, ko ta hannun wa. Shagon nan ya yi rantsuwa, kuma Baba tsoho ne. Akwai abin da zan fara gamawa a gida. Zan yi abin da ya kamata.

Bodil

Als, 15 ga Maris, 1864

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni ina nan.

Na karanta layukanki huɗu har takardar ta yi laushi. Kwana tara ina jiran wata ta biyo baya, shiru. Na gane. Shago ya yi rantsuwa, Baba tsoho ne. Ni kuwa wane ne? Ɗan wata goggo da kuke gani sau ɗaya a shekara goma. Ban ga laifinki ba. Da ni ne a tsakanin ubana da wani mai zubar da miya, da ban san wanda zan zaɓa ba. To, na sani, kuma shi kika zaɓa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, watakila ma babu abin da kike ɓoyewa. Watakila kin duba kin ga aikinku ba shi da aibi, kunya ta hana ki gaya mini cewa ni ne. Kowa ya faɗa. Kyaftin ya faɗa, saje ya faɗa, har Fasto Rud ya fara yi mini wa'azin tuba maimakon na haƙuri. Mutum ɗaya ba zai fi sansani guda gaskiya ba. Ƙoƙo ɗaya a cikin da babu komai, ga sanyi, ga tsoro, me zai hana hannu ya zame?

Ranar ashirin da biyar zan sa hannu. Shekara takwas ba mutuwa ba ce, kuma in ni na jawo wa Troels, ai ma an yi mini sauƙi. Ki gaya wa innata an tura ni aiki nesa. Gwangwaninki yana wurin Fasto.

Eskild

Odense, 13 ga Maris, 1864

Ƙanena Eskild,

Ina fata yatsun suna ci gaba da ƙaiƙayi. Baba bai ci abinci ba kwana biyu, amma yau ya sha kunun sha'ir. Ka yi haƙuri da guntuwar takardar da na aiko, na rubuta ta Baba yana tsaye a ƙofa. Yanzu ga magana duka.

Ba kai ba ne. Ka karanta wannan sau biyu kafin ka ci gaba.

Da na ga ka rubuta bakwai, sai na tuna. Ƙananan faifai goma sha ɗaya ni na buga. Na bakwai Baba ne ya ƙwace gudumar, ya ce ba za a ce shagon Thygesen ya yi wa ƙasa aiki babu hannun Thygesen a ciki ba. Na ba shi. Da ya gama ban duba ba, don a shagon sassaƙa ba a duba aikin maigida. Almajirinsa ba ya dubawa, 'yarsa ba ta dubawa, ko kallonsa ka cika yi rashin kunya ne. Wannan laifin nawa ne, kuma zan faɗe shi a gaban kowa.

Ka san al'adar masu hatimi, duk aikin da ya fita sai an danna shi a kan kakin zuma an ajiye a aljihun tebur. Rantsuwar da muka yi ta hana, amma na san Baba. Na jira ya tafi wurin wanzami na buɗe. Ga su nan, goma sha biyu reras. Goma sha ɗaya jerinsu ya zagaya ta dama, ɗaya ya zagaya ta hagu. Haruffan su ne, babu wanda ya ɓace, kowane a tsaye da kyau, shi ya sa mai ƙirga bai ga komai ba. Tunda dama a hargitse suke, wa zai gane da ido? Kamar mutane ne zaune kewaye da tebur, ni in fara ƙirga daga maigida in bi dama, kai ka fara daga shi ka bi hagu. A kan maigida kaɗai za mu yarda. Shi ne A ɗinka.

Na yi masa magana. Ya ce ɗan Sidsel mashayi ne kamar ubansa. Washegari na dawo daga kasuwar kifi na tarar gidan yana warin kaki, tukunya a kan wuta, aljihun tebur wayam. Ya ce, "Wane kaki? Ba a taɓa yin wani kaki a nan ba."

Kwana huɗu ba mu yi magana ba. A na biyar na yanko tagulla, na rubuta wasu haruffa barkatai a layi ɗaya, na ajiye masa da guduma. Na ce, "Baba, in ka tabbata, buga mini wani."

Ya ce, "Ni za ki gwada? Ni da na koya miki riƙon guduma kina majina?"

Ya fizga. Yana bugawa yana zagina, wai ni butulu ce, wai da uwata na da rai da ban isa ba. Ya buga haruffa shida. Na ce, "Baba, dubi inda hannunka ya nufa."

Ya duba. Hagu ya nufa. Shekara arba'in da uku yana sassaƙa hatimi a juye don ya fito daidai a kan takarda, hannun bai san wata hanya ba. Gudumar ta tsaya a sama, ya daɗe yana kallon hannunsa kamar na wani ne. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, kuma ban ce masa ya bari ba.

Sai ya ci gaba. Ya buga duka ashirin da takwas ta hagu, ya juya tagullar ya buga tambarinsa a baya. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta rantsuwa layi uku ya sa hannu. Ya ce, "Ƙafata ba za ta kai ni Als ba. Ki kai musu. Ki ce Mogens Thygesen ne. Kuma kada ki ce tsufa ne, ba tsufa ba ne, sana'a ce." Sannan ya tambaye ni mutum nawa ne suka mutu. Na faɗa masa. Tun daga nan ya daina cin abinci.

Na san abin da wannan zai jawo wa shagon, shi ma ya sani. Da zarar na sami mai kula da shi zan taso. Kada ka sa hannu a komai.

Yayarka,
Bodil

Assens, 22 ga Maris, 1864

Eskild, sakarai ɗan Goggo Sidsel,

Lafiyata ƙalau, in ka damu. Ina bakin tashar jiragen ruwa kwana uku, iska ta hana kowa tsallakawa. Na sami mai jirgin kifinku a gidan shan giya, ya zaro mini takardarka ta goma sha biyar daga aljihu ɗaya, ya zaro tawa ta goma sha uku daga ɗaya aljihun. Ashe tawa ba ta taɓa barin garin nan ba. Na zauna a kan ganga ina riƙe da su biyun, ban san ko kuka zan yi ba ko in jefa shi a ruwa.

Wato ni ce na zaɓa? Na rubuta maka zan yi abin da ya kamata, kai kuma ka zauna ka yanke mini hukunci. Za mu yi wannan faɗan ido da ido.

Jirgin soja zai tsallaka gobe da wasiƙu, sun ce ba sa ɗaukar mata. Wannan takardar za ta bi shi, masu dubawa za su karanta, don haka ba zan faɗi komai ba sai wannan: ina zuwa, ina ɗauke da abin da kotu ta ce tana so. Kada ka sa hannu. Ko a kan buhun kifi ne zan tsallako. Mai duba wasiƙa, kai ma ka ji, ka taimaka ka yi sauri da ita.

Bodil

Als, 2 ga Afrilu, 1864

Zuwa ga Kawu Mogens,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata tarin ya yi sauƙi, kuma ina fata kana cin abinci. Yaya Bodil tana lafiya, sai muryarta da ta dushe, za ka ji dalili. Ta ce ni in rubuto, don in ita ta ba da labarin za ka ce ta ƙara gishiri.

Takardarta ta ƙarshe ta same ni ranar ashirin da shida. Na riga na sa hannu da kwana ɗaya. Ba wanda ya tilasta ni, Kawu. Na sa ne don na yarda ni ne.

Ranar shari'a ina tsaye ana karanta takardar amsa laifina, sai muka ji hayaniya a ƙofa. Ta tsallako a jirgin kifi, tana warinsa tun daga nesa, mai gadi yana ce mata mata ba sa shiga, tana ce masa to ya shiga ya gaya wa alƙali cewa maƙerin da suka nema ya iso. Manjon da ke shari'ar ya ce a bar ta. Ta ajiye tagullarka da takardar rantsuwarka a gabansa. Ya ce, "Baiwar Allah, ai mutumin ya amsa laifinsa." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ya amsa abin da aka yi kwana hamsin ana gaya masa. Ni ma in aka kulle ni haka zan amsa cewa ni na yanke wayar."

Ya karanta takardarka sau biyu, ya aika mai doki hedkwata. Awa uku muna jira, ita a tsaye, ta ƙi kujera. Da faifan ya iso ta ce kada a yarda da bakinta, a gwada. Manjo ya rufe jimla da faifan hedkwata, ya miƙa wa Kyaftin Rosing ya buɗe da na bakwai. Ya yi, ya fito shirme. Ya goge tabarau ya sake. A karo na uku gumi yana ɗiga a kan takardar, ɗakin kuwa ga sanyi. Yaya ta ce, "Kyaftin, ko ka ɗan taɓa wani abu ne da safen nan?" Manjo ya tsawata mata, amma na ga gashin bakinsa yana motsi. Aka ajiye faifan biyu gefe da gefe, kowa ya sunkuya ya gani da idonsa. Manjo ya yaga takardar da na sa wa hannu.

Ta faɗa musu cewa ita ce ba ta duba ba. Ta kuma faɗi maganarka yadda ka ce, ba ta ce tsufa ba. An yanke cewa ba za a kama ka ba, amma shagon ba zai ƙara yi wa soja aiki ba, kuma za a rubuta sunanka a rahoton. Na san a Odense wannan zai zaga kafin Lahadi. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kwana biyu ina jin haushinka, musamman da na ji zancen tukunyar kaki. Da ka tsaya a nan, da yanzu ina fasa dutse. Ba ka tsaya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Da manjo ya yaga takardar na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, har na yi dariya a gaban kotu. Sai da na fito waje na tuna abin bai ɓace ba, wuri ya sauya, kuma na san gidan da ya nufa. Kwana hamsin na yi da mutum goma sha ɗayan nan a kaina. Na san yadda abinci ke zama ƙasa a baki. Na san yadda mutum ke kallon hannunsa. Mutane za su zo su ce maka ƙaddara ce, yaƙi ne, ba da gangan ba ne. Duk gaskiya ne, kuma ba ya rage komai, an gaya mini na ji. A duk ƙasar nan ni kaɗai na san abin da ke kanka.

An ba ni hutun wata ɗaya saboda ƙafata. Zan fara zuwa wurin innata in gaya mata da bakina, daga nan Odense. Ka sa a ajiye mini kujera kusa da tebur ɗinka. Yaya ta ce ka tambayi adadinsu amma ba ka tambayi sunayensu ba. Kada ka tambayi kowa, kada ka nema a jarida. Ni na san su, na san garuruwansu, na san wanda ke minshari da wanda ke waƙa in yana wanke kwano. Ranar da ka shirya ji zan faɗa maka, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan tashi in bar ka kai kaɗai da su ba.

Kafin nan ka ci abinci, Kawu. Ina so in same ka.

Ɗanka,
Eskild Krarup